Waɗanda Suka Tsaya a Gefe

Mai Hoto bai taɓa gane kan diflomar nan ba, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Shi dai aikinsa ya sani: ya jera mutane, ya ce su ɗaga haɓa, ya danna. Ƙaninsa ne, wanda ke kula da manyan ɗalibai a wata makarantar kuɗi, ya zo shago wata rana ya zauna a kujerar hoton fasfo, ya warware masa ita dalla-dalla. Shekara biyu ake yi. Darussa shida, ga dogon rubutun bincike, ga aikin taimakon jama'a, sannan a kai jarrabawa ƙasar waje a duba. Wanda ya haɗa duka, jami'o'in duniya sun san takardarsa.

"Ka ba ni Auta, Yaya," in ji ƙanin. "Yarinyar nan kanta na ja."

Mai Hoto ya ba shi 'yar tasa, bayarwa ta har ga Allah. "Daga yau kai ne ubanta a makaranta. Duk abin da ya taso ka sa hannu, ba sai ka neme ni ba." Shi fa ya riƙe ƙanin nan tun yana tatata, shi ya kai shi makaranta a kan keke. To bin diddiginsa yanzu ai rashin kara ne. Ko taron iyaye bai taɓa leƙawa ba, don kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba.

Abu ɗaya ya riƙe gam: jami'ar da Auta ke so ta karanci haɗa magunguna ta ce za ta ɗauke ta, muddin ta kawo cikakkiyar diflomar. Babu wanda bai ji wannan labari ba a layin. Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shi har ya koma kiransa Baban Likita, shi kuwa ya riƙa cewa a'a, alhali bakinsa har kunne.

Da yaye ɗalibai ya matso, ƙanin ya ce masa ya zo kawai ya zauna cikin iyaye, kada ya wahalar da kansa da kyamara. Ina, Mai Hoto ba zai iya ba. Ya zagaya ta bayan fage ya samu shugabar makarantar, ya ce shi zai ɗauki hotunan ranar kyauta, tukwicin riƙe masa 'ya. Da ƙanin ya gan shi ya shigo ɗakin taro da jaka a kafaɗa, sai fuskarsa ta canza. Mai Hoto ya ɗauka gajiya ce.

An rataye wani ƙaton ƙyalle a saman matakala, an rubuta cewa ɗalibin makarantar nan bai taɓa faɗuwa diflomar ba. Mai Hoto ya karanta ya ji daɗi, ya kafa kyamararsa daidai yadda rubutun zai fito.

Wata malama mai tabarau ta tafa hannu. "'Yan difloma, ku hau matakala. 'Yan takardar darussa, ku ɗan jira a gefe, naku na zuwa."

Riguna iri ɗaya, huluna iri ɗaya, amma yaran suka rabu biyu ba tare da an kira sunan kowa ba. Auta ta sunkuyar da kai ta bi na gefe.

"Ke Auta, hau mana," in ji Mai Hoto yana dariya. "Kunyar Baba kike ji?"

Ba ta motsa ba. Malamar, da ba ta san ko shi wane ne ba, ta yi masa bayani cikin fara'a. Su waɗannan an sauke su daga difloma tun bara. Sun zauna jarrabawar wasu darussa, kowane darasi za a ba su shaidarsa, amma ba cikakkiyar takardar ba. "Da yardar iyaye ake yi," ta ƙara. "Ita wannan ma baffanta ne ya sa hannu."

Mai Hoto ya bar kyamarar a nan. Ya samu ƙanin a bayan labule, inda aka tara kujerun roba.

"Ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba, Yaya. Makinta na lissafi ne ya riƙa hawa da sauka. Wataƙila ta ci, wataƙila ta faɗi. Mu kuma ba ma shigar da mai wataƙila."

"Saboda ƙyallen can."

Ƙanin ya dubi ƙasa. "Idan ɗaya ya faɗi, ni za a tambaya. Aikina ne zai tafi."

"Jami'ar fa?"

"Akwai wasu jami'o'in."

Wallahi da mari ƙanin ya yi masa da ya fi sauƙi. Da yarinyar ta shiga ta faɗi, Mai Hoto zai ce ƙaddara, ya rarrashe ta su sake lale. Amma ko damar faɗuwar ba a ba ta ba, kuma da hannun da shi ya ba wa izini aka yi. Cin amanar ya yi masa zafi, ya kuma ji haushin kansa da karar da ya yi ta yi kamar wani abin kirki.

Auta ce ta ɗaga labulen, idonta jawur. "Baffa ya ce in yi shiru, shi zai faɗa maka da kansa. Na yi ta jira." Ta matso kusa da uban. "Rubutun binciken ma na gama shi, Baba. Babu wanda ya karɓa."

Ya tuna ta a shago bayan makaranta, tana rubutu a kan teburin yankan hoto, shi kuma yana hana masu shigowa ɗaga murya.

Shugaba ta aiko a ce ana jiran mai hoto. Ya yi alkawari, don haka ya fita. 'Yan difloma sun jeru, ƙanin ya shiga tsakiyarsu ƙarƙashin ƙyallen yana gyara wuyan riga. Mai Hoto ya leƙa kyamara. A can bakin hoton, kafaɗar Auta ta ɗan shigo, irin abin da kullum yake yankewa. Sai ya ɗaga kyamarar ya ja da baya, ya ƙara ja, har yaran gefe suka shigo gaba ɗaya, su da rubutun ƙyallen a hoto ɗaya.

"Yaya," ƙanin ya kira a hankali, "ka yi nisa."

Mai Hoto bai ɗago ido ba. "Malam," ya ce, "ɗaga haɓarka." Sannan ya danna.