Lambobi Shida a Murfin Akwati

Jikan Kyaftin ne ya kawo mini lambar yabon, a cikin ɗan akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle. Ya tsaya a bakin shago, bai ko cire baƙin tabarau ba, ya ce, "Baba maƙeri, a goge mini ita ta yi ƙyalli. Ran Asabar za a sa wa titinmu sunan kakana."

Kyaftin duk unguwa an san shi. Ubansa ne mai jerin shagunan nan, har da wanda nake ciki. Ya shekara casa'in a duniya, kowace shekara sai ya maƙala wannan lamba a ƙirji ya zauna yana ba mutane labarin yaƙi. Ni kuwa ɗan gudajje ake ce mini tun ina rarrafe. Ubana maƙerin azurfa ne, a wannan shago. Wata safiya ya fita bai dawo ba, ya bar uwata da cikina, da yayata mai shekara bakwai. Aka ce ya bi wata mace. Yaya ta haura tamanin yanzu, idanunta sun tafi, amma ko a yau ka ambaci ubanmu a gabanta sai ta tofar da yawu.

Na jiƙa lambar, na bi ta da buroshi. Da dattin gefenta ya fita sai ga sunan Kyaftin, a gabansa lambobi shida. Ni boko bai dame ni ba, amma waɗannan na san su kamar tafin hannuna. Su ne ubana ya buga da guduma a cikin murfin akwatin kayan aikinsa, ba wanda ya san dalili, ni kuma kullum na buɗe akwatin sai mun haɗa ido. Na ɗaga murfin, na kara lambar a jikinsa. Ko ɗaya bai kauce ba.

Washegari na rufe shago na nufi gidan ajiyar tsofaffin takardu. Mai gadi ya ce ba a shiga da jaka. Na ajiye. Na teburin farko ya ce in cika fom. Na ce ya cika mini. Ya ce ba aikinsa ba ne. Na ce to aikinsa me, ɗumama kujera? Wata ma'aikaciya mai tabarau a kan hanci ta jiyo mu, ta taso ta karɓi takardar.

"Baba, sunan wa za mu nema?"

"Ba suna na kawo ba, 'yata. Lamba na kawo."

"Ai ta fi. Suna yana maimaituwa, lambar soja ba ta maimaituwa."

Ta zaunar da ni a wani dogon ɗaki mai warin tsohuwar takarda, inda fanka ɗaya ke juyi kamar an tilasta mata. Sai bayan azahar ta dawo da fayil mai ruwan ƙasa ɗaure da zare. Ta hana ni taɓawa. Ta kwance, ta karanta sunan Kyaftin, da sunan ubansa a matsayin wanda za a sanar in wani abu ya faru.

Na ce, "Wannan na sani. Ci gaba."

"Ranar ɗaukar soja suna rubuta kamannin mutum. Tsawo kaza. Sana'a, ƙira." Ta ɗago ta dube ni, ta koma. "Alama a jiki: babu ƙaramin yatsa a hannun hagu."

Kyaftin bai taɓa riƙe guduma ba, kuma da yatsunsa goma aka binne shi, ina wurin. Na ce ta ci gaba.

Ta juya shafi biyu. Ta ce mutumin ya koma cikin ruwan harsashi sau biyu ya ɗauko abokansa, a na uku bai fito ba. Ga ranar, ga inda aka binne shi. An aika lambar yabo zuwa ga mahaifinsa, ga sa hannun mai shaguna cewa ya karɓa.

"Baba, ka san shi?"

"Na san wanda ya sa lambar shekara sittin. Wanda ya mutu ne ban taɓa gani ba."

Ta ce ta sha ganin irin haka: a kira ɗan mai hali aikin soja, a tura wani da sunansa, a rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Ta yi mini hoton shafukan, ta buga musu hatimi.

Ran Juma'a jikan ya dawo. Na tura masa ɗan akwatin da ya kawo. Ya buɗe, ya ga ƙyalle kawai.

"Ina take?"

"Akwati naku ne, ƙyalle naku ne. Ɗauki ka tafi."

Na miƙa masa takardun. Ya karanta a tsaye, wannan karon ya cire tabarau. Ya ce, "Ai ga sunan kakana nan."

"Sunan naku ne. Yatsan fa, na wa?"

"Dattijo, ka san zan iya kawo maka 'yan sanda?"

"Kawo su. Ka haɗa da mai lasifika, ya karanta wa titi duka cewa kakanka ya mutu a fagen fama, sannan ya dawo ya yi shekara sittin yana shan shayi a gindin bishiya. Uwata ta yi wankau a gidanku, yaro. Kakanka yana wucewa ta gabanta da wannan a ƙirji, tana durƙusawa tana gaishe shi."

Ya ninke takardun, ya ajiye a kan maƙera, ya ɗauki akwatinsa. Ban sake ganinsa ba. Abin da suka yi ran Asabar su suka sani, ni ba ta titi nake yi ba.

Na tarar da Yaya a ƙofar ɗakinta tana tsinke zaren wani tsohon zane da lalube. Na zauna a ƙasa.

"Yaya, maganar Baba na kawo."

Ta juya kai za ta tofa. Na ce, "Haɗiye. Yau dai haɗiye ki ji."

Na faɗa mata duka, tun daga murfin akwati har fayil. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan yatsa ta ce, "Wane hannu?"

"Hagu."

"Almakashin ƙarfe ne ya cire shi. Ni na riƙe masa kwanon ruwa." Ta miƙo hannu. Na sa mata lambar. Ta bi gefenta da farce, a hankali, har ta kai kan rubutun. "Wannan fa, sunan wa?"

"Na Kyaftin."

"Kana da zarto a shago, ko ka sayar?"

"Ina da shi."

"To me kake jira? Ka kankare. Lambobin ka bar su." Ta damƙe ta a tafinta, ba ta ba ni ba tukuna. Can ta ce, "Shekara saba'in da wani abu ina zaginsa, Auta, 'yan gidan Kyaftin suna ji, suna kallo." Sai ta kira sunan ubanmu, cikakke, sau ɗaya, don in ji yadda zan buga shi.