Kwangilar Ciyawa ta Malam Muntaka

Malam Muntaka na Tozai mutum ne mai hangen nesa. Aibinsa ɗaya, yakan hango abu sarai, amma sai bayan abin ya wuce. Tun da daɗewa ya sa aka rubuta masa "Ɗan Kwangila" a ƙofar zaurensa. Fentin har ya koɗe, kwangila ba ta taɓa yin sallama ba.

Da wani kamfani ya zo kafa tashar lantarkin sola a bayan gari, Muntaka ya ce lokacinsa ya yi. Ya zauna yana nazarin ta inda zai shiga. Yana cikin nazari taubashinsa Kalilu ya kama kawo yashi da tsakuwa. Masu amalanke suka kama dakon farantan sola daga Isa, don babbar mota ba ta iya ratsa rairayin hanya. Wani mai walda daga Sabon Birni ya ɗauki shinge, mata suka ɗauki abincin leburori. Katakon akwatunan da aka zubar ma kafinta ya kwashe ya yi benci, kuma a kan bencin Muntaka yake zama yana nazari. Da ya yunƙura ya ce to shi zai riƙa sayen batura idan sun mutu, aka gaya masa baturan da ba su fara aiki ba tuni sun sami mai jiran gawarsu.

"Ɗan kwangila, mi aka ciki?" in ji Kalilu kullum. "Saura rana ta rage ba a ba kowa ba. Ka nemi kwangilar hiddo ta da sahe."

"Za ni shiga, ba gaggawa nika yi ba."

"Shiga mi? An gama, har an fara ba da wuta."

Damina ta faɗi. Mai shela ya zagaya gari ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa, shuka ta fito. Kowace shekara haka ake yi, tumaki su kwana su wuni a turke, ana neman ciyawa kamar magani, ga daji ba ya shiguwa yanzu yadda ake so. Matar Muntaka, Saudatu, ta aike shi da lauje ya yanko ciyawa. Ya tafi yana raɓewa kada Kalilu ya gan shi, har ya kai shingen tashar. A nan ya tarar da Injiniya Zayyanu, mai kula da wurin, tsaye yana dafe da ƙeya. Ciyawa ta yi tsiri har tana lulluɓe farantan ƙasa, wuta ta ragu. Masu adda da ya ɗauka jiya sun fara saran ciyawa sun haɗa da wayar wuta, ya dakatar da su.

Muntaka ya dubi ciyawar, ya dubi shingen da ya kewaye ta, ya tuna kukan da ya baro a turke. Karon farko a rayuwarsa ya hango abu abin yana nan tsaye.

"Ranka ya daɗe, ina da ma'aikata. Ba su riƙe adda, ba su tahiya sallar azahar su ɓace."

"Daga ina?"

"Nan cikin gari. Ɗaure suke."

Injiniya ya gane tumaki yake nufi, ya yi dariya, ya ce ya taɓa jin ana haka a wasu wurare. A gwada gobe. Amma in faranti ɗaya ya fashe, magana ta ƙare.

Muntaka ya bi gida gida yana sallama daga zaure. Washegari ya koro garke, mutane na biye suna kallo, Kalilu a gaba. Aka buɗe ƙofa, tumaki suka sunkuyar da kai suka kama aiki ba gardama. Sai dai a cikin ɗoki Muntaka bai tantance ba, wani jan bunsuru ya bi ayari. Bunsurun bai ko shinshina ciyawa ba. Ya dubi layin farantan nan masu sheƙi, ya ga dutse ne aka gina masa, ya yi tsalle ɗaya ya hau.

Ƙarar kofato kawai ake ji a kan gilashi.

"Wanga shi na shugaban ma'aikata?" in ji Kalilu.

Muntaka ya dubi bunsurun. Ya san in ya kore shi da sanda zai yi ta tsalle daga faranti zuwa faranti. Ya cire hularsa, ya tsinko ganyen wake daga gonar da ke jikin shinge ya cusa a ciki, ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin laka yana lallashin bunsuru da muryar da bai taɓa lallashin kowa da ita ba. Bunsuru ya yi nazari, irin nazarin Muntaka, sannan ya sauko. Ya ci ganyen, ya fara hular.

Injiniya ya shafa farantin tun daga sama har ƙasa. Babu tsaga.

"Tumaki kawai," ya ce. "Akuya ko a mafarki ban yarda ba."

"Na sallame shi, ranka ya daɗe."

Kafin mako ya zagayo fili ya yi fes, wuta ta dawo da ƙarfinta, injin niƙa ya daina tari. Tumaki suka yi ƙiba a tsakiyar damina, abin da tsofaffi suka ce ba su saba gani ba. Daga Kamarawa aka aiko ana tambayar yadda aka yi, don su ma ana shirin kafa musu tasha. Muntaka ya sa aka sabunta fentin zaure. Kalilu da bakinsa ya kira shi ɗan kwangila a gaban jama'a, bai ƙara komai a kai ba, abin da ya yi masa wuya ƙwarai.

Ranar ƙulla yarjejeniya Muntaka ya sha sabuwar hula. Injiniya ya ce kamfani da mai dabbobi yake ƙullawa, ya tambaya tumakin na wa ne.

Na Saudatu ne da matan unguwarsu. Muntaka ko ɗan rago ba shi da shi.