Akuyar da Ta Cinye Shafin Gaggawa

Sabon shafin ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai musa ba. Mai Zane, kamar yadda ake kiranta a ofis, ta sha wahala wajen gyara shafin intanet na manhajarsu, wadda ke sarrafa na'urar numfashi ta marasa lafiya a gida. Ta share launukan nan masu kashe ido, ta tattara shafukan da suka warwatse, ta sauya wa kowanne adireshi. Har shafin da ke fitowa in mutum ya ɓata hanya ta ƙawata. Ta zana akuya da kumatu cike, ta rubuta a ƙasa, "Kash! Akuya ta cinye wannan shafin." 'Yan ofis suka yi dariya har da riƙe ciki. Da sassafe aka saki shafin.

Da hantsi tana kurɓar shayi, ana ta yaba mata, sai ga kiran yayanta.

"Ƙanwata, na'urar Auta sai ƙara take yi, jar wuta na ƙiftawa. Na haska takardar da ke manne a bayanta da waya don in shiga shafin gaggawa, wai akuya nake gani!"

Auta 'yarsa ce ƙarama, huhunta ba ya iya aiki shi kaɗai.

Sai Mai Zane ta gane. Tsohon adireshi ne a jikin takardar nan, kuma haka yake a bayan kowace na'ura. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba.

"Yaya, kira motar asibiti!"

"Na kira, suna hanya. Leɓenta ya fara sauya launi. Ki gaya mini abin da zan danna!"

Ba ta sani ba. Ita jera shafuka ta yi, ba karanta su ba. Ta hau laluben jerin da ta tsara da hannunta, shafin kuwa yana buɗewa a hankali cikin yanga, yadda ta koya masa. Ta wayar tana jin ƙarar na'urar, da muryar matar Yaya tana kiran sunan yarinyar. Can ƙarƙashin "Sauran Bayanai" ta tono shafin gaggawar.

"Cire tiyon baya, ka busa shi, ka mayar! Ka danne maɓallin gefe har wuta ta koma kore!"

Ƙarar ta ɗauke. Shiru. Sai wani ɗan tari.

"Ta ja numfashi," in ji Yaya, ya kashe wayar.

Nan take ta haɗa tsohon adireshin da sabon shafi. Sannan ta buɗe inda ake ganin masu ziyara, ta duba waɗanda suka faɗa kan akuyar tun safe. Ba Yaya kaɗai ba ne. Layi ne dogo, wasu sun yi ta dannawa suna sakewa kafin su daina, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke da lambar wayarta.