An Sayar da 'Yar Aike

Mai Bajo bai taɓa sanin sunan manhajar ba, bai kuma taɓa damuwa ya sani ba. A shagonsa 'Yar Aike ake ce mata, don aikinta ke nan. Ka haɗa tambarin makaranta a kwamfutar gaba, kafin ka taka zuwa ɗakin inji ta riga ka kai shi, ta kuma kai shi shagon ƙanensa, Auta, can ƙarshen gari. Ƙanwarsa ce ta saka masa ita shekara tara da suka wuce. Ta ce kyauta ce, wasu mutane ne suka haɗu suka rubuta ta suka bar wa kowa. Bai yarda ba a lokacin. Amma shekara ta bi shekara ba wanda ya zo ya ce kawo, sai ya saki jiki.

Zane sama da dubu biyu ke cikinta. Kuma zane a wannan sana'a ba hoto ba ne. Fayil ne da ke gaya wa allurar inji inda za ta soka, sau nawa, da wane zare. Wani sai ka kwana uku a kansa kafin bakin mikiya ya daina kama da na agwagwa. In babu zanen nan, injin surfani ƙarfe ne kawai mai cin wuta.

Ranar Laraba da safe, saura kwana biyar makarantu su koma, aikin makarantu shida na jibge a kan tebur, ya kunna kwamfuta sai ga wani dogon rubutu ya tare fuskarta, da shuɗin maɓalli ƙato a ƙasa.

"Dogo! Zo ka karanta min wannan."

Dogo shi ne mai kula da inji. Ya girmi maigidan nasa da shekara biyar, ya kuma fi shi Turanci. Ya fito yana goge hannu, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci.

"Wai suna farin cikin sanar da mu..."

"Tsaya nan. Duk wanda ya fara maka da farin ciki, aljihunka yake nema. Ci gaba."

Dogo ya ci gaba. Wani kamfani ya sayi 'Yar Aike. Daga ranar Juma'a kowa sai ya yi rajista, ya dinga biya duk wata, kowace kwamfuta da kuɗinta. Wanda bai yi ba, za a rufe masa.

Mai Bajo ya zaro waya ya kira ƙanwarsa. A ofishin kwamfuta na wani asibiti take aiki, shi ya sa yake ce mata Injiniya, rabi girmamawa, rabi tsokana.

"Injiniya, kin kyauta. Kyautar taki an kai ta kasuwa."

"Na gani tun jiya, Yaya. Injin ɗakin gwaji ya tsaya mana, ba zan iya magana yanzu ba. Kada ka taɓa shuɗin maɓallin nan. Ina tashi zan zo."

"Zanena fa?"

Ta riga ta kashe.

Bai ajiye wayar ba sai ga kiran Auta.

"Yaya, na danna."

"Ka danna me?"

"Shuɗin. Ni na ɗauka irin gyaran nan ne da take yi. Ta ce in sa lambar katin banki, na ƙi. Yanzu na buɗe, babu komai. Fari fat, ko zane ɗaya!"

"Tun kana rarrafe haka kake, duk abin da ya yi ƙyalli sai ka kai hannu. Zauna a kan hannun nan naka, kada ka ƙara taɓa komai."

Ya yi wa Auta tsawa, amma shi ma a tsorace yake. Shi dai a tunaninsa, tun ranar farko, zanensa na can wurin mutanen da suka yi manhajar, a wani ƙaton ɗakin ajiya a wata ƙasa, kamar yadda ake barin kaya a sito. Yanzu an sayar da sito da kayan mutane a ciki. An riga an rufe wa Auta ƙofa. Shi kuma an ba shi zuwa Juma'a.

"Mu biya kawai, Maigida," in ji Dogo. "Ko na wata ɗaya, mu fita daga aikin makarantun nan."

"In biya haya a kan gumina? Yau su ce kaza, baɗi su ninka, ni kuma ba ni da ta cewa tunda wuyana na hannunsu. Ba zan biya ba. Ɗauko farin yadin nan."

"Wanne?"

"Bandir ɗin gaba ɗaya."

Dabarar da ya yanke ita ce: tunda har yanzu tasa kwamfutar na buɗewa, za su ɗinka kowane zane sau ɗaya a kan farin yadi. In an rufe ranar Juma'a, ko ba komai yana da abin da zai kalla ya sake zanawa, ya ga inda zare ya kwanta da inda ya juya. Hoto ba ya nuna wannan, yadi ne ke nunawa.

Suka ture aikin makarantu gefe. Dogo ya ɗaure yadi a firam, inji ya fara sukuwa. Aka fara da tambarin manyan makarantu, sai na wani kamfanin masu gadi, sai na ƙungiyar direbobi. Kowanne ya fito, Mai Bajo ya yanke shi da almakashi ya rataya a igiya. Yana yi yana tsine wa wanda ya sayar, da wanda ya saya, da wanda ya yi musu dillanci. Wajen azahar ya ci karo da zanen farko da ya taɓa yi da kansa, wani zaki mai karkataccen ido na wata firamare da ta daɗe da rufewa. Dogo ya ce a tsallake shi, ba mai nema. Mai Bajo ya ce a ɗinka.

Allura ta karye sau biyu. Jan zare ya ƙare. Da la'asar ta yi, Dogo ya ƙirga abin da ke kan igiya.

"Talatin da ɗaya."

"Ƙara wa injin gudu."

"Maigida, ko na hau kansa na yi masa bulala, dubu biyu ba za su fito kafin Juma'a ba. Sai dai Juma'ar wata shekarar."

Mai Bajo ya ajiye almakashi. Shi ma ya sani. Ya tsaya yana kallon tulin yunifom ɗin da ba a taɓa ba. Ya kusa hamsin da biyar, idonsa ba kamar da ba. Ba shi da sauran wasu shekaru tara da zai zauna gaban kwamfuta yana jera sukar allura ɗaya bayan ɗaya.

A haka Injiniya ta shigo da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta yi sallama, ta gaida Dogo, sannan ta tsaya tana bin igiyar da kallo.

"Yaya, baje koli ake yi ba a gayyace ni ba?"

Ya yi mata bayani a gajarce, fuska a murtuke. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta yi ta yi ta riƙe, ta kasa, ta zauna a kan dilar yunifom tana dariya har da hawaye.

"Ki gama. Gidan yayanki na cin wuta, ke kina nishaɗi."

"Yi haƙuri, Yaya. Wallahi ba da gangan ba. Ina baƙin akwatin da na ajiye muku ranar da na saka ta?"

"Wane akwati?"

"Baƙi, kamar wannan girman. Na ce kada a kashe shi."

Dogo ya sosa ƙeya. "Ko wannan da nake ɗora ƙafa?"

Ta durƙusa ƙarƙashin teburin inji, ta kwashe tarin ƙyallaye da guntayen zare. Ga shi nan, ƙura ta mayar da shi toka-toka, samansa ya yi sulɓi daidai inda diddigen Dogo ke sauka, wata 'yar koriyar fitila na ƙiftawa a gefensa.

"Ba na daidaita wuta ba ne wannan?" in ji Mai Bajo.

"Shekara tara, Yaya!"

Ta jona waya daga akwatin zuwa kwamfutarta, ta danna nan ta danna can, ta juyo masa fuskar. Sunaye suka jeru, ta yi ta ja suna tafiya ba su ƙare ba. Ya sa yatsa yana bi. Ga makarantu shida ɗin nan. Ga masu gadi. Ga wani tambarin gidan burodi da shi kansa ya manta ya yi.

"Ba su taɓa zuwa ko'ina ba," ta ce. "Daga nan sai shagon Auta. 'Yar Aike kai da kawowa kawai take yi, ba ta ajiya. Kamfanin nan ko hanyar shagonka bai sani ba."

"Na Auta da suka ɓace fa?"

"Sabuwar tasu ce ta ƙi nuna masa, don ya tsorata ya biya. Suna nan."

Mai Bajo ya jawo kujera ya zauna. Da ya buɗe baki, faɗa ne ya fito.

"To uban me suka saya?"

"Suna, da tambari, da shafinta na intanet. Manyan da ke jan ragamarta kuma aka ba su aiki. Amma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake tun asali, kowa na da ikon ya kwafa. Kamar a ce ka sayar da shagon nan da allon da ke ƙofa. An sayi abin da ke hannun Dogo?"

"Ni ba na sayarwa ba ne," in ji Dogo. "Sai dai in tayin ya yi kyau."

Ta buɗe masa dandalin da masu amfani da manhajar ke haɗuwa, tana karantawa tana fassarawa. Wani ya rubuta zagi shafi guda, ya ce an ci amana. Wata malama ta ce ta yi kuka. Wani likitan haƙori ya ce shi kam ya biya, ya gaji da abin da in ya lalace ba wanda za ka kira ka yi wa ihu. Wasu kuma ba su tsaya surutu ba. Tun ranar da aka yi sanarwa suka kwafi rubutun ƙarshe na kyauta, suka raɗa masa sabon suna, suka ci gaba daga inda aka tsaya.

"Shi wanda ya sayar ɗin, shekara nawa ya yi yana yin ta kyauta?"

"Goma sha ɗaya."

"Yana da iyali?"

"Ina zan sani, Yaya?"

"Yana da su. Shekara goma sha ɗaya ana ce maka an gode, yara ba sa cin an gode. Ni ban ga laifinsa ba."

"Tun safe kake tsine masa," in ji Dogo.

"Tun safe ban san dukiyata na ƙarƙashin ƙazaman ƙafafunka ba. Kuma ban ce zan biya ba. Injiniya, saka min ta waɗancan."

Ta cire tsohuwar, ta saka sabuwar. Fuskarta kusan ɗaya ce, launi ne kawai ya bambanta. Tana cikin yi ta ce masa kada ya ɗauka an gama har abada, waɗannan ma mutane ne, wata rana za su iya gajiya ko a yi musu tayi.

"Ranar sai me?"

"Sai a sake neman wata. Akwatin dai naka ne."

Sannan ta kira Auta, ta sa shi a lasifika, tana gaya masa abin da zai danna ɗaya bayan ɗaya. Mai Bajo ya sunkuyo kan wayar.

"Yau an ba ka izini. Danna son ranka."

Auta ya danna. Can sai ihu ya cika shagon. "Suna dawowa! Yaya, ga su nan suna shigowa! Alhamdu lillahi!"

Duk da haka Mai Bajo bai gamsu ba sai ya gani a kan yadi. Ya je kwamfutar gaba da kansa, ya tura tambarin makarantar da ta fi matsa masa, mai shuɗi da ruwan ɗorawa. Kafin ya dawo ɗakin inji, zanen ya isa. Dogo ya ɗaure aljihun riga ta farko, allura ta sauka. Da ta gama, Mai Bajo ya ɗauka, ya duba gaba, ya juya ya duba baya, ya shafa da babban yatsa. Ba zare ɗaya da ya kauce. Ya sauke wani numfashi mai tsawo.

Injiniya na naɗe wayoyinta. Ya tsaya a kanta yana neman abin da zai ce. Godiya ba ta saba da bakinsa ba.

"Kin ci abinci?"

"Tun safe rabona da shi."

"To zauna, ba inda za ki. Dogo, kashe injin minti biyu. Kama can in kama nan, mu ɗora akwatin nan a kan kantar sama. A hankali, kada wayar ta zare."

Dogo ya sunkuya yana nishi. "Ni kuma ƙafata fa, Maigida?"

"Ƙasa na nan. Ɗaga."