Zaren Waina, Saƙar Ambai

Ranar da Malama Geua ta sauka a kwarinmu ana yayyafi. Ta fito daga bas da rigar sanyi a kan rigar sanyi, tana rawar ɗari, domin 'yar bakin teku ce, ba ta saba da sanyin kan duwatsu ba. Wata ƙungiya ce daga Goroka ta turo ta, ta koya wa mata yadda za su saƙa jakar bilum irin wadda shagunan Mosbi, babban birnin ƙasarmu, za su saya, ta kuma nemo mana masu sayen. Da muka ji, dariya muka yi. Wace mace ce a nan za a koya wa bilum? A cikinsa aka rene mu, a cikinsa muke ɗauko dankali daga gona.

Ƙungiyar ta ce horo ɗaya za a yi wa kwarin gaba ɗaya, don haka aka zaɓi rumfar cocin da ke bakin gada. Hagave na wannan ƙetaren, Omena na wancan. Shekarun baya garuruwan biyu sun yi faɗa a kan gonakin kofi, aka ƙona gidaje, aka rasa rayuka. Daga baya an yi sulhu, an karya rake, an yanka aladu. Amma har lokacin in mutumin Hagave ya haɗu da na Omena a hanya, kowa sai ya kau da kai kamar ya hango wani abu a daji. Ni Dorin a Omena aka haife ni, a Hagave nake aure. Da matan suka rabu gida biyu a rumfar, ni kaɗai na zauna a tsakiya, kusa da akwatin Malama.

Malama Geua ba ta ɓata lokaci ba. Ta karɓi wata jar jaka daga hannun ɗaya daga cikinmu, ta tsoma a bokiti, ta matse. Ruwan ya koma kamar an yanka kaza a ciki.

"Malama, wa ke wanke bilum?" in ji wata.

"Ruwan sama ke wanke shi," ta ce. "Matar da ta saya a Mosbi ta rataya a kan farar riga, ruwa ya kama ta a hanya. Gobe ta koma shagon da rigar a hannu, daga ranar kuma mai shagon ba zai sake kiran sunan kwarinku ba."

Ta nuna mana yadda ake dafa zare da gishiri da wasu ganyaye don rini ya kama. Ta raba mana tef ɗin awo, ta ce faɗin jaka da tsawon maratayi dole su zo daidai. Aka yi ta gunaguni, aka ce ai jaka daidai da kayan da za a zuba mata ake yin ta. Ta saurare mu har muka gaji, sannan ta ce ta gida mu yi ta yadda muka ga dama, ta shago kuwa da awo. Abu na ƙarshe shi ya fi ba mu mamaki. Ta ce masu saye ba sa son ulun kanti da muke taƙama da shi, sun fi son zaren ɓawon itace irin na kakanninmu, wanda ake murzawa a cinya.

A nan matsalar Mama Ambai ta fito. Duk Hagave babu mai zanen saƙa kamarta. Da allurarta ta ƙarfen tsohuwar lema takan fitar da duwatsu da kogi a jikin jaka har mutum ya gane wane dutse ne. Amma wuyan hannunta ya daɗe yana ciwo, ba ta iya murza zare. Shiru-shiru ce, siririya, kuma tun da aka harbe mijinta Sipa a faɗan nan ba ta ƙara taka gadar ba.

A ɗaya gefen, na Omena, akwai Waina, ƙatuwar mace mai murya kamar ganga, bakinta kullum ja wur da buai, ɗan itacen da muke taunawa kamar goro. Saƙarta ba ta da wani kyau, ita ma ta sani. Amma in ta shafa toka a cinya ta fara murza, zaren kan fito siriri, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. An ƙona mata gida a faɗan. Kuma kowa a kwarin ya ji ana cewa yayanta na cikin waɗanda suka yi wa Sipa kwanton ɓauna.

Malama Geua ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tana zagayawa ta ga zaren Waina, ta ɗaga shi sama tana yabawa, sai kawai ta ratsa tsakiyar rumfar ta ajiye shi a cinyar Mama Ambai.

"Mama, gwada da wannan."

Duk matan rumfar suka juyo. Mama Ambai ta daɗe tana kallon zaren. Ta ɗauka, ta ja, ta sa a haƙori ta ciza. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Wadda ta murza wannan ba raguwa ba ce." Ta zura allura ta fara saƙa.

Daga nan na samu aikin da ban nema ba. Duk sanda na je gaida iyayena a Omena, Waina za ta danƙa mini ƙunshin zare, in kawo wa Mama Ambai. Tare da zaren kuma akwai saƙo.

"Ki ce mata jan nan ya yi fari-fari," Mama Ambai za ta ce.

In na faɗa wa Waina sai ta tofar da buai. "Ki ce mata idonta ne ya yi fari-fari. Tsohuwa kawai."

In na dawo Mama Ambai za ta tambaye ni, "Me ta ce?"

"Ta ce za ta ƙara dafa shi, Mama."

"Ƙarya kike, Dorin. Na san bakin Waina tun tana budurwa."

Amma zaren da ya biyo baya jansa ya fi ƙarfi. Malama Geua ta aika da jakunkunan farko Mosbi, mai shago ya kira ta ya ce a ƙaro, musamman masu zanen duwatsu. Ya kuma ce kowace jaka a rataya mata ɗan kati mai hoton wadda ta yi ta da sunanta, domin masu saye suna son su ga fuskar mai hannun. Malama ta dawo da wayarta, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗauka. Da ta zo kan Mama Ambai, tsohuwar ta ƙi tashi.

"Ba ni kaɗai na yi ba," ta ce. "In za a sa fuska, a sa da mai zaren."

Zuwa lokacin Malama ta riga ta ji tarihin, har ta zo ta ba Mama Ambai haƙuri a kan abin da ta yi ranar farko. Don haka sai ta dubi Waina. Waina, wadda ba a taɓa jin ta rasa abin faɗi ba, ta ce, "A'a. Maza za su gani." Ta tattara kayanta ta haye gada.

Maza kuwa sun ji tun kafin su gani. Washegari da hantsi ina tsakar gidan Mama Ambai ina taya ta tsince waken kofi, sai ga ɗanta Kepas ya shigo, adda a hannu, daga gona yake. Mutum ne mai iyali, ba mai hayaniya ba, amma ranar fuskarsa a murtuke take.

"Mama, da gaske ne abin da nake ji? Hotonki da ƙanwar mutumin nan zai je Mosbi, duniya ta gani?"

"Zauna tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Zaren ma na yi shiru ne don ke ce. Amma hoto? Me zan ce wa 'yan'uwan Baba?"

Ta ci gaba da tsintar kofinta. "Ranar sulhu, wa ya karɓi aladun Omena?"

"Ni ne."

"Wa ya ci?"

"Duk gari sun ci, Mama."

"Ban da ni. Ku kun ci, kun sha hannu, kun koma gida kun ci gaba da fushinku. Ni ban sa komai nasu a baki ba, ban karɓi komai daga hannunsu ba duk shekarun nan. Yanzu na karɓi zare, kuma na ga yana da kyau. Ka ce wa 'yan'uwan ubanka su zo su tambaye ni da kansu. Miƙo mini wancan faifan."

Ya miƙa mata. Sannan ya fita.

Bayan 'yan kwanaki ta ce in raka ta kogi. Ta san da rana tsaka Waina kan zo ƙarƙashin gada ta jiƙa ɓawon itace ta daddake shi a kan dutse. Muka same ta ita kaɗai, zanenta a tattare, ƙafafunta cikin ruwa. Mama Ambai ta tsaya a bakin ruwan na gefenmu. Kogin ba shi da faɗi a wurin, ba sai an ɗaga murya ba.

"Waina."

Waina ta ajiye sandar dakan. "Na'am, Yaya."

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Yayanki ne?"

Waina ta share hannu a zane. "Ban sani ba. Da na sani da na faɗa miki. Bai taɓa cewa shi ne ba, bai taɓa cewa ba shi ba ne, har ya mutu. Abin da na sani, ni na gasa masa dankali da safen ranar kafin ya fita da baka. Wannan kam na yi."

Mama Ambai ta gyaɗa kai a hankali. "Ni ma na gasa wa nawa. Da bakansa ya fita shi ma."

Ba wadda ta yi kuka. Waina ta sunkuya ta juya ɓawon da ke cikin ruwa. Can Mama Ambai ta ce, "Wannan da kika jiƙa bai kwana sosai ba, zai yi tauri."

"Yaya, ke da murza ta fi ƙarfinki, yau ke za ki koya mini jiƙa ɓawo?"

"Ranar horo ki zo da zane mai kyau. Ba wannan tsumman ba."

Ta zo da zane mai kyau, har da furanni a gashi. Malama Geua ta tsayar da su a gaban rumfar, suka bar fili a tsakaninsu wanda mota za ta iya wucewa.

"Wayata ƙarama ce," in ji Malama. "Ba za ta ɗauke ku ba sai kun matso."

Suka matso kaɗan. Ta ce su ƙara. A ƙarshe ta ba su wata jaka da suka yi, kowacce ta riƙe gefe ɗaya na maratayin. Waina ta fashe da dariya ana ɗauka, jajayen haƙoranta duk a waje. Mama Ambai kuwa ta tsuke baki kamar za a yi mata allura. Haka hoton ya fita, haka kuma aka buga shi a katin, da sunayensu da sunayen garuruwan biyu a ƙasa.

An yi surutu a Hagave, an yi a Omena. Wani ƙanen Sipa ya daina gaida Mama Ambai na wani lokaci, mijin Waina ya yi kwanaki yana cin abinci a zauren da mazan gari ke taruwa, ya ƙi cin na gida. Bai wuce haka ba. Lokacin babban bikin al'adu na Goroka ƙungiyar ta ba mu rumfa, muka cika bas da jakunkuna, matan garuruwan biyu a cakuɗe saboda kujerun ba su isa a rabu ba. Malama ta koya mana kada mu sunkuyar da kai in baƙo ya tsaya, mu gaishe shi, mu faɗa masa daga wane itace zaren ya fito da yadda aka rina shi. Waina ce ta riƙa yin bayanin, da baki da hannu, Mama Ambai na zaune a bayanta tana saƙa, tana gyara mata in ta yi ƙari.

Ba zan ce sun zama aminai ba. Har yau ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Amma na huta da kai saƙo, Waina da kanta take kawo zaren. Da farko a bakin shinge take tsayawa ta miƙa, daga baya ta fara shiga ta zauna a kan kututture suna musu a kan launi. In ta shigo Kepas yakan tashi ya tafi gona. Yanzu ya daina tashi, sai dai ya juya baya ya ci gaba da wasa addarsa.

An mayar da Malama Geua wani lardi bayan shekara, mu muke kula da awo da rini da kanmu, ni nake magana da mai shagon ta waya. Kwanan baya ya ce yana son ƙananan jakunkuna na zuba wayar hannu, tafin hannu ɗaya kawai. Da na faɗa wa Mama Ambai ta ce wannan ba jaka ba ce, safar jariri ce, ita ba za ta yi ba. Waina ta ce to ita za ta saƙa da kanta.

"Ke?" in ji Mama Ambai. "Ki kunyata kwarin nan a Mosbi? Kawo zaren. Kuma ki murza shi siriri fiye da na kullum."