Baƙon da Ya Sauka a Hawashar Dije

Da la'asar abin ya faɗo daga sama, ana gobe ranar ban-ruwan Dije maƙwabciyata. Muka ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe, awaki suka watse. Da ƙura ta lafa sai ga rami a tsakiyar hawasharta, wato gonarta ta ban-ruwa, da wani baƙin dutse a ciki, bai fi kan rago ba.

Kafin magariba zance ya gama gari: wai irin wanda ake jifan shaiɗanu da shi ne, wai shaiɗanin na nan danne a ƙarƙashi. Uzairu, samad ɗinmu mai raba ruwan tur'a, wato babbar magudana, mutumin da ƙadangare ma ke firgita shi, ya ce ba za a sakar wa gonar ruwa ba sai baɗi, kada abin ya bi ruwa ya shiga gonakin mutane.

Baɗi fa! Dawa ta fid da kai, ganye ya fara naɗewa, kuma ita ce tuwon Dije da jikokinta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Dije ta buga waya ga ɗiyarta Huda, mai koyar da kimiyya a Sinnar. Huda ta ce, "Inna, dutse ne kawai. Irinsu ba su ƙirguwa, suna zagaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihu da Mushtari. Wani ne ya ɓalle ya faɗo."

"Ashe baƙo ne," in ji Dije. "Mu ma daga Sakkwato kakanninmu suka tako har ƙasar nan."

Da safe ta ci ɗamara, ta yi bisimilla, ta tono shi da fartanya. Ni kaina, wallahi, daga nesa na tsaya ina kallo. Ta aza shi a kan gammo, ta ratsa maza suna ja da baya, ta dire shi a tsakiyar ƙaramar magudana. Ta yaɓe shi da laka, ta sare bakin gonarta. Dutsen ya tare ruwa, ya juya ya shiga gonar.

Uzairu ya taho da gudu, ya ja birki daga nesa.

"Inna Dije, kin karya doka! Ki cire shi!"

"Yau ranata ce ko ba ranata ba?"

"Ranarki ce, amma…"

"Halas, magana ta ƙare. In ya tsare maka hanya, ɗan nan, ga ka ga shi. Zo ka ɗauke."

Uzairu ya dubi mazan, kowa ya sunkuyar da kai. Dije ta tattare zane, ta shiga cikin dawarta tana buɗe wa ruwa hanya.