Koren Katin Baba Mai Agogo

"Wannan jakar ta waye?" na tambaye ta.

Maman 'Yan Biyu ta tsaya a gindin matakala, jaka ɗaya a dama, ɗaya a hagu, gumi yana bin wuyanta. Ta ɗaga ta hannun dama. "Tawa ce, Yaya."

"Ɗayar fa?"

"Ta Baba ce. Ni nake karɓo masa."

"To ai ɗakin Baba a sama yake. Na ga kin nufi naki."

Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce, "Bari in sha ruwa tukuna." Ta tura ƙofarta da ƙafa ta shige. Na zauna a kan matakala na yi kusan rabin awa ina gyara igiyar takalmin da babu abin da ya same shi, ba ta fito ba. Tunda nake ban taɓa ganin shan ruwa mai tsawon wannan ba.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki huɗu a ƙasa, huɗu a sama, famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗakin ƙarshe na sama shi ne na Baba Mai Agogo, kuma ƙofarsa tana kallon tawa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a bakin kasuwa, sai da hannunsa ya fara rawa ya kasa riƙe ɗan ƙaramin sukurudireba sannan ya haƙura. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa ɗaya ne, direban babbar mota, wanda yakan yi wata biyu bai leƙo ba. Ni kuwa shara nake yi a wata makaranta, in fita da sassafe in dawo da yamma, amma duk da haka babu abin da ke wuce ni a gidan. Mijina yakan ce da mai gidan hayar ya san darajata da bai ɗauki mai gadi ba.

Yawancinmu a gidan muna karɓar abinci a ɗakin rabon tallafi na unguwa, wanda kowa ke ce wa Sito. Duk Laraba ake rabo. A da abin da ake bayarwa burodi ne da biskit da kifin gwangwani da sukari. Sai aka kawo wata sabuwar jami'a, yarinya ce da ta karanci harkar abinci, ta ce wannan kayan cika ciki ne kawai, ba ya gina jiki. Ta zo da na'urar awon jini, ta auna kowa. Duk mai ciwon sukari ko hawan jini ta ba shi koren kati, jakarsa kuma daban: wake, shinkafa, dankali, karas, kabeji, madara da ƙwai. Babu gwangwani, babu biskit. Baba yana da duka biyun, saboda haka shi ne na farko da ya samu. Mu masu farin kati, gaskiya, muna satar kallon jakar masu kore.

To ga abin da ya dame ni. Mutumin da ke da jakar da ta fi ta kowa a gidan sai ramewa yake yi, agogon hannunsa har ya fara zamewa ya nufi gwiwar hannu. 'Yan biyun ƙasa kuwa kumatu suka ajiye. Washegarin ranar shan ruwan nan na ɗaga murfin kwandon sharar uwarsu, na ga ɓawon ƙwai da ɓawon karas. Katinta fari ne, farin kati kuwa ba a ba shi ƙwai.

Na hau na ƙwanƙwasa wa Baba. Ya buɗe ƙofar kaɗan, daidai faɗin fuskarsa, kamar yadda ya saba yi a watannin nan.

"Baba, kana samun jakarka kuwa?"

"Ina samu, 'yata."

"Har da ƙwan?"

"Har da ƙwan."

"Yaushe ka ci na ƙarshe?"

Ya yi dariya, haƙoransa huɗu suka bayyana. "Yaushe aka ɗauke ki aikin ɗan sanda ban sani ba?"

Yana magana ina shaƙar iskar ɗakin. Babu ƙamshin albasa, babu na mai, babu alamar an ɗora tukunya. Sai na tuna cewa na daɗe ban ji ƙamshin girki daga ɗakin nan ba. A take na yanke hukunci: jakar ba ta hawa bene, tsoho kuma kunya ce ta hana shi magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abincina.

Laraba na zagayowa na riga kowa zuwa Sito, na ja jami'ar gefe, bayan buhunan shinkafa, na zayyane mata komai.

"Mama, kin gani da idonki?" ta tambaye ni.

"Na ga ɓawon ƙwai da idona. Kuma ki zo ki ga tsohon."

Da layi ya zo kan Maman 'Yan Biyu, ta miƙa kati biyu, fari da kore. Jami'ar ta riƙe koren, ta ce, "Wannan jakar, kina kai masa ita har ɗakinsa?"

Ta kawar da kai. Mutanen layi suka miƙo wuya.

"Da ke nake magana."

"Ina kai masa abin da zan kai masa," in ji ta.

"Jakar nake tambaya."

"Ku je ku tambaye shi."

Wannan amsar ita ta gama da ita. Aka ce dama doka ba ta yarda wani ya karɓar wa wani ba sai da takarda, aka dakatar da katinta na wata ɗaya har a gama bincike, ni kuma aka ba ni takardar karɓar wa Baba na sa hannu. Ta fita ba jaka ko ɗaya. Da ta zo wucewa ta gabana ta kalle ni, na ɗauka za ta zage ni, amma sai ta wuce abinta. Da yamma mijinta, mai faci ne, ya tsaya a tsakar gida yana faɗa don kowa ya ji, ya rantse in ta ƙara taka matakalar nan sai dai ta wuce gidan ubanta.

Ni na hau da jakar, ina haki ina jin daɗi. Baba ya leƙo, ya ga ni ce, ya dubi bayana.

"Ita fa?"

"Rabu da ita, Baba. Daga yau ni zan riƙa kawo maka, ko ƙwai ɗaya ba zai yi ciwon kai ba."

Ya dubi jakar. Hannunsa yana rawa a jikin ƙofar. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Ajiye nan, zan ja ta ciki."

"Jami'a ta ce ka rage gishiri."

"To, 'yata. Zan rage."

Ranar Asabar ta sati na biyu ba ni da aiki. Wajen tsakar rana na ji tafiya a hankali a baranda, na ɗaga labule. Maman 'Yan Biyu ce a ƙofar Baba, ba takalmi, da wani abu a ƙarƙashin gyalenta. Na fito da sauri. Gefen kwano ne ya leƙo, a rufe.

"Kwanon na mene ne?" na ce. "An hana ki a can, kin biyo sawu kwasa?"

Ta tsaya kamar an dasa ta. Daga ƙasa na ji muryar mijinta yana tambayar ina ta shiga, ashe ya dawo ɗaukar wani abu. Ta juya ta sauka da kwanonta. Ban ce ta buɗe in gani ba, domin a raina na riga na san babu komai a ciki.

Laraba uku na kai jakar. A ta ukun Baba bai zo ƙofa ba, daga ciki ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in ajiye. Na ce ko jikin ne, ya ce gajiya ce kawai. Washegari da safe zan fita na ga jakar tana nan inda na ajiye ta, rediyonsa kuma shiru. Abin da ya fara zuwa raina shi ne in leƙa in ga ko wani ya taɓa ƙwan. Ba a taɓa ba. Na ƙwanƙwasa sau biyu, na ce barci yake, na tafi aiki.

Da na dawo jakar ba ta motsa ba. Aka kira kafinta ya cire sakata. Baba yana kwance a kan gadonsa, ya juya bango, ya ja bargo har kafaɗa, rai ya riga ya yi halinsa. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, ga kuma sukari, ga shekaru. Babu wanda ya tambayi wani abu bayan wannan.

Ɗansa ya iso bayan kwana biyu, ya roƙi matan gida mu taya shi kwashe ɗakin. Rabona da shiga ɗakin tun kafin Baba ya fara tare ƙofa. Maman 'Yan Biyu ta hau da tsintsiya, mijinta bai hana ba. Ina naɗe kaya na janye wani tsohon zane da aka rataye a kusurwa, sai ga bango baƙi ƙirin tun daga ƙasa har kusa da silin. Inda risho yake zama babu komai sai zoben tsatsa a siminti.

"Ina rishonsa?" na tambaya.

"Ni na ɗauke," in ji ɗan. "Wata biyar ke nan. Hannun nan nasa ya kifar da shi, labule ya kama da wuta, Allah ne ya tsare. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, wai mai gida zai kore shi. Na so in tafi da shi ya ƙi. Ya ce kada in damu, akwai wata baiwar Allah a ƙasa da take dafa masa."

Tsintsiyar da ke bayana ba ta tsaya ba.

"Maman 'Yan Biyu," na ce.

"Shi da kaya, ni da wuta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ya ce in dafa duka, yara su ci, in kawo masa nasa da rana in kowa ya fita. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

Ko a lokacin zuciyata ba ta daina neman abin kamawa ba. Na ce, "To me ya sa yake ramewa tun kina dafawa?"

"Cokali biyar yake ci, in na zauna na matsa masa ya yi bakwai. Ciwo ne, Yaya."

"Da kin gaya mini."

Sai a nan ta miƙe ta dube ni. "Ke zan gaya wa?"

Na sunkuya na ci gaba da naɗe kayan. Na ji daga baya Sito sun ƙara tambaya biyu a takardar rajista, ko kana da abin dafawa, kuma wa ke dafa maka. Jami'ar da kanta ta zo gaisuwa, ta yi kuka fiye da ɗan. Ni ban yi kuka ba, kunya ce ta cika ni har babu wurin hawaye.

Jakunkuna biyun da na kai da farko suna ƙarƙashin gado. Madara ta ƙare, ƙwan an fasa an shanye ɗanye, karas ɗaya an gwaguye gefensa an bari. Shinkafa da dankali ko kwance su ba a yi ba. Ɗan ya ɗaga labulen taga don haske ya shigo, sai ga wani ƙaramin kwanon roba a kan dakalin tagar. Wake ne Baba ya jiƙa, ko zai yi laushin da haƙori huɗu za su iya. Ruwan ya kusa ƙafewa. Waken ya tsage ya yi tsiro, farare sirara, duk sun karkata sun nufi gilashi.